Lamba Takwas

Duk wanda ya zauna Azare a farkon shekarun dubu biyu ya san Malama Larai, in bai san ta da fuska ba to ya san ta da murya. Mace ce 'yar gajera, ba ta da wani jiki, amma in ta tsaya a bakin fili ta ƙwala wa yarinya kira, sai mai tallan gyaɗa a bakin titi ya waiwayo. Malamar motsa jiki ce a wata kwaleji da ke bayan gari, kuma ita ce ta fara tara 'yan mata ta ce su zo su buga ƙwallon ƙafa.

Aka yi ta surutu kuwa, don mutanen garin nan in ka ba su zance sai sun tauna shi har ƙashi. Wasu suka ce ta zautu, wasu suka ce karatun da ta yi a Jos ne ya juya mata kai. Shugaban kwalejin, wani dattijo mai gudun rigima, ya ce ya yarda amma da sharaɗi: dogon wando har idon sawu, ƙaramin hijabi, sannan a zagaye filin da zana. Malama Larai ta ce ko buhu aka ce su saka za su saka, in dai za a bar su su yi gudu.

Filin da aka ba ta, Allah na tuba, makiyaya ce. Tsidau ya cika shi, shanu sun mai da shi hanyar zuwa shan ruwa. Ita da 'yan matan suka yi ta bin sa da tsintsiya da fartanya, amma duk da haka ƙwallon farko ba ta yi mako ba ƙaya ta huda ta. A wajen neman ta biyu ne ta haɗu da Oga Benedict, wani mutumin Kudu mai shagon takalma da kayan wasanni a kasuwa. Ya daɗe a Azare har Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai in ya yi sauri mace ma "kai" yake ce mata. Ya taɓa buga ƙwallo a garinsu, 'yarsa Oge kuma tana karatu a kwalejin, don haka da ya ji labari sai ya rufe shago ya biyo Malama har filin. Daga ranar ya zama ɗan gida, shi ne mai hura ƙwallo, shi ne mai gyaran raga, shi ne kuma mai gardama da alƙalin wasa.

Abin da ya raba Malama Larai da sauran masu horarwa shi ne kira. Takan ce 'yar wasa ido biyu gare ta kuma duk a gaba suke, na ukun yana bakin koci. Tun ranar farko ta kafa musu doka: in kika ji sunanki an haɗa da "baya", kada ki waiwaya, kada ki tsaya shawara, ki saki ƙwallo ki daka tsalle, wata ce ta taho za ta share miki ƙafa. Ta yi ta nanata musu har abin ya shiga jini. An ce ta taɓa gwada su a layin karɓar abinci, ta ce "Darasimi, baya!", yarinya ta saki kwano ta yi sama, miyar kuka ta wanke mata ƙafa. Saboda wannan doka ta haddace sunan kowace yarinya da garinsu, ba ta taɓa haɗa wata da wata ba, kuma 'yan wasanta ba kasafai suke jin ciwo ba. Da wannan take tinƙaho in an haɗu da kocin Misau ko na Potiskum.

Sai dai akwai suna ɗaya da wannan baki bai taɓa furtawa ba.

Malama Larai 'yar Gololo ce. A can ta yi auren fari, ta haifi 'ya mace, auren bai yi ƙarko ba ta koma makaranta. Da aka yaye yarinyar, Inna, mahaifiyar Larai, ta ɗauke ta riƙo kamar yadda aka saba. Gidansu gidan fulako ne na gani kashe ni. A gidan nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Inna kanta har yau "wancan" take ce wa Hammadu, babban ɗanta, ga shi da furfura har a gemu. A haka Larai ta tashi, ba ta taɓa tambayar dalili ba. Ni da ba ni na haifi yarinyar ba zan iya faɗa muku sunanta: Bara'atu.

A shekarar dubu biyu da uku Bara'atu ta samu gurbin karatu a kwalejin. Doguwa ce, mara yawan magana, ta tashi tana bin maruƙa a daji tana buga tamola da yayyenta maza a bayan gida. A gida "Anti" take ce wa mahaifiyarta. Ranar da ta fara zuwa fili ba wanda ya gayyace ta, ta cire silifa ta shiga. Ƙwallo ta zo mata ta tare da ƙirji, ta sauke, ta yanke mutum uku kamar suna tsaye, ta aje wa gola a kusurwa. 'Yan mata suka yi shewa. Oga Benedict ya cire hula ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Malama Larai kuwa ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba abin da ya same shi, don kada a ga fuskarta. Daɗi ya kusa kashe ta a ranar, amma da aka tashi cewa ta yi sabuwar yarinyar nan tana riƙe ƙwallo da yawa.

To ga doka ga kunya, yaya za a yi? Malama Larai ta yi dabara. Ta ba ta jesi mai lamba takwas, shi ke nan aka samu abin kira. "Takwas, baya!" sai Bara'atu ta yi sama. "Takwas, buɗe!" sai ta yi gefe. Har sauran 'yan mata suka ɗauka, a aji Takwas, a ɗakin kwana Takwas. Malama ta ga ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ba ta saɓa wa Inna ba kuma ba ta bar 'yarta ba ido a ƙeya.

Oga Benedict ne kaɗai abin ya dama. Wata rana suna kwance raga ya ce mata shi dai bai gane wannan al'ada ba, mutum ya haifi ɗa da cikinsa sannan ya riƙa kiransa da lamba kamar motar haya. Ya ce shi Oge tasa sau ɗari yake kiranta a wuni, har tana cewa ya ishe ta. Malama ta yi dariya ta ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ya ce haka ne, amma ai tsuntsun yana yi wa 'ya'yansa kukan. Ta ce masa ya naɗe ragarsa ya bar ta.

Ƙungiya ta yi ƙarfi. Suka je Misau suka ci, suka je Jama'are suka ci, iyayen da a da suke hana 'ya'yansu suka fara aiko da gaisuwa. Malama tana da wata al'ada in an ci wasa: a cikin mota kan hanyar dawowa sai ta miƙe ta kama ƙarfe, ta bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya da suna tana faɗin abin kirkin da kowace ta yi, ana tafi. Ranar da suka dawo daga Potiskum ma haka ta yi. Ta yabi Oge, ta yabi Darasimi, ta yabi har wadda ta shiga ana dab da tashi. Da ta zo kan wadda ta ci musu ƙwallaye biyun da aka ci gaba ɗaya, sai ta kalli taga ta ce Takwas ma ba laifi, ta zauna.

Da aka iso ana sauke kaya, Bara'atu ta jira kowa ya yi gaba. Ta matso da buhun ƙwallaye a kafaɗa, kanta a ƙasa.

"Koci, ni ma fa ina da suna," in ji ta.

Malama Larai ta dube ta. Ta so ta ce mata ita ta fi kowa sanin sunan, ita ta kwana tana juya shi a zuci tun ranar da aka raɗa shi. Amma direba na tsaye yana jin su.

"An sani," ta ce. "Kai kayan nan sito."

Yarinyar ta kai. Ba ta sake ɗaga maganar ba har abada. Malama kuwa abin ya tsaya mata a rai. Da yamma tana tuƙa tuwo ita kaɗai a madafi ta gwada faɗin sunan, ta ji shi ya yi mata nauyi a harshe, da ƙyar rabinsa ya fito, sai ta waiga ko wani ya ji. Ta ce wa kanta akwai lokaci. In yarinyar ta gama makaranta, in Inna ba ta kusa, in an samu wata rana da ba mutane, za ta kira ta.

Ƙarshen daminar dubu biyu da biyar aka aiko cewa masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo Azare. Wata ƙungiya za ta taho daga Bauchi a kara, duk wadda ta burge a ɗauke ta. Bara'atu ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan. Tun da aka faɗa ta daina zuwa kasuwa, ta daina hira, asuba gudu yamma gudu. Malama Larai ma ta fi ta so, don ta san abin da ke ƙafar yarinyar nan ba a Azare ya kamata ya ƙare ba. Ta riga ta yanke a ranta cewa ranar da aka ɗauki 'yarta, a wajen sallama a tasha, ko duniya za ta taru sai ta kira ta da sunanta ta sa mata albarka.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar wasa aka tashi da yayyafi, fili ya yi santsi. An ɗage zana gefe guda an jera kujeru don manyan baƙi, mata sun cika ɗaya gefen har da masu goyo. Ga mamakin kowa sai ga Inna an sauke ta a motar kasuwa daga Gololo, ta ce ta zo ta ga wannan abu da ake ta ba ta labari. Aka shimfiɗa mata tabarma dab da bayan benci, inda Malama ke tsayawa.

Ana shirin farawa sai rigima ta tashi. Baƙi sun zo da korayen jesuna, 'yan gida ma kore suke sakawa. Alƙalin wasa ya ce masu masauki su canza. Oga Benedict ya haye babur ya sheƙa kasuwa, ya dawo da ƙullin wasu jesuna ruwan ɗorawa na gwanjo, wata babba wata ƙarama. Ba lokacin zaɓe, kowace ta ɗauki wadda ta shige ta. Jesi mai lamba takwas 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce kafaɗar Bara'atu ba, sai ta miƙa wa Oge, ita kuma ta zura wata mai sha huɗu. Malama ta gani da idonta. Ta ce a ranta za ta kiyaye, sai aka kira ta ta gaisa da baƙi.

Kafin hutun rabin lokaci ba a ma buƙaci kira ba. Wayyo, wanda bai ga Bara'atu a ranar nan ba bai ga ƙwallo ba. Ta raba, ta yanka, ta ɗaga wa Oge wata a ka ta bugi ƙarfe, sannan ita da kanta ta ɗauko ta tun daga tsakiya ta zura a raga. Ɗaya daga cikin masu zaɓen ya miƙe tsaye ya tambayi 'yar gidan wane ce wannan. Wani malami ya nuna masa Malama Larai, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Inna a kan tabarma ta ja mayafi ta rufe baki, ita ma kunyar take tayawa.

Da aka dawo, kocin baƙi ya sa wata ƙatuwar 'yar baya ta manne wa Bara'atu. Ba a jima ba aka jefo ƙwallo tsakiya. Bara'atu ta tare, ta taka ta da ƙafar dama, ta ɗaga kai tana neman wadda za ta ba. Ta ba wa ƙatuwar nan baya. Malama Larai ta hango ta ta taho a guje, ta ga yadda ta saki jiki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ƙafafu biyu a gaba. Ta cika ƙirji da iska.

"Takwas, baya!"

Can gefen fili, inda ba ƙwallo ba kowa, Oge ta daka tsalle. Ta ji lambar da ke bayanta ne, ta yi abin da aka koya mata. Har wasu 'yan kallo suka fashe da dariya. Bara'atu kuwa ta ɗan motsa kamar za ta tashi, sai ta tuna yau ba ita ce takwas ba, ta tsaya da ƙafarta a kan ƙwallo.

Akwai sauran lokacin kalma ɗaya. Wannan shi ne abin da ya hana Malama Larai sukuni daga baya, don ta san akwai shi, ba wanda zai gaya mata babu. Sha huɗu ta ɓace mata fes. Sunan ne ya zo, ya taso tun daga ciki ya iso bakinta cikakke. Ga manyan baƙi maza a jere, ga Inna a bayanta tana jin ko numfashinta. Harshe ya ƙi.

"Ke!" ta ce.

'Yan mata ashirin da biyu ne a fili, kowace "ke" ce. Ba wadda ta yi tsalle. Har bakin benci aka ji ƙarar gwiwar.

Oga Benedict ne ya fara isa, sai matarsa Ukamaka ta keta fili da zani a hannu, sai 'yan wasa. Bara'atu ba ta yi ihu ba, ta dai damƙi ciyawa ta juyo da fuska wajen benci. Malama Larai tana tsaye a inda take. Ƙafafunta sun so su tafi, amma wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta ɗaga ɗan fari, jikinsa ya riga hankalinsa koyon darasin. Ta juya ta ce wa wata a benci ta cire rigar sanyi ta shiga. A kan idonta aka ciccibi 'yarta aka sa a motar wani malami, Ukamaka ta rungume kanta a cinya.

Sun ci wasan, ɗaya da nema. Aka ɗauki Oge da Darasimi. Masu zaɓen suka ce a gaishe da mai sha huɗu, in ta warke a sanar da su.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yabo. Gari ya ɗauka cewa Malama Larai mace ce, 'yarta na kwance a ƙasa ko gezau ba ta yi ba. Tsofaffi suka ce irin wannan kunya ta yi ƙaranci a zamanin nan. Inna da kanta, da za ta koma Gololo, ta dafa kafaɗarta ta ce ba ta ba ta kunya ba. Kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, laifin santsi ne, laifin gwanjo ne. Oga Benedict ya yi ta zagin kansa a kan jesunan. A zaton Malama shi kaɗai ne ya lura da kalmar ƙarshe da ta fito daga bakinta, kuma bai taɓa yi mata maganar ba, sai dai daga ranar ya daina tsokanarta da zancen motar haya.

An kai Bara'atu wajen mai ɗori ya ce ba karaya ba ce. Aka wuce da ita asibiti a Kano, likita ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke, za ta yi tafiya amma ƙwallo sai dai kallo. Malama ta yi jinya iya jinya, ta dafa, ta wanke, ta gasa ƙafa da ruwan zafi. In za ta ba ta magani sai ta ce "ungo", in za ta tashe ta sai ta taɓa ƙafar gado. Sau da yawa ta buɗe baki da niyyar ta ce wani abu, sai ta ga yarinyar ta juya fuska bango. Yanzu kuma ba kunya kaɗai ke riƙe ta ba. Da wane ido za ta kira sunan a ɗaki, bayan ta hana shi a inda yake da amfani?

Bara'atu ta gama karatu tana ɗingishi. Ta auri wani malamin firamare mai suna Abdulrahim, ta bi shi Giade, ita ma ta kama koyarwa. Takan aiko da gaisuwa da ɗan wake ko gyaɗa in an yi girbi, takan zo da salla ta wuni ta koma. Ba faɗa, ba gaba, ladabi har ya yi yawa.

Malama Larai ta ci gaba da horarwa, har ta ɗauko kofi guda. Amma waɗanda suka san ta a da sun ce muryar ba ita ba ce. Sai ta hango haɗari ta yi jinkiri, kira ya fito a makare. Ta daina miƙewa a mota tana yabo. Ba ta sake ba wa kowa lamba takwas ba, in sabuwar yarinya ta tambaya sai ta ce ta ɓata a wanki. Tsofaffin 'yan wasa suka gama suka watse, sababbi ba su da yawa, Oga Benedict ya fara fama da ciwon baya ya rage zuwa. A dubu biyu da tara aka ce za a gina ɗakin lacca a filin. An zaci za ta yi rigima kamar yadda ta saba, sai ta tattara ƙwallaye ta kai sito ta miƙa makulli. Ranar da aka fara sauke bulo ta tsaya daga nesa ta kalli daidai inda abin ya faru, ta ga an jibge yashi a wurin.

A satin ta shiga mota ta tafi Giade. Ta ce ta zo ganin jika ne, 'yar farin Bara'atu, wata 'yar ɓul-ɓul da ta fara gudu ba ta san tsayawa ba. Ta wuni, aka yi mata dambu, aka yi hirar damina da tsadar taki. Da la'asar Bara'atu ta rako ta bakin titi tana jan ƙafa, yarinyar na riƙe da zaninta. Ranar kasuwa ce, mutane ko'ina, ga wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Ya Fanna, tana soya ƙosai a gindin darbejiya.

Suna tsaye suna jiran mota sai yarinyar ta ga akuya a tsallake. Ta saki zani ta ruga. Ga ɗan acaɓa ya taho da buhu a baya. Malama Larai ta gani kafin kowa, ido na uku bai mutu ba, amma kafin ta ja numfashi wata murya ta tsaga kasuwar.

"Jannatu! Tsaya!"

Yarinya ta ƙame a inda take. Babur ya wuce ta gabanta har iskarsa ta kaɗa mata riga. Bara'atu ta ɗingisa ta sure ta, ta rungume a ƙirji, tana ta maimaita sunan a kunnenta a gaban kowa.

Ya Fanna ta gama salati ta koma faɗa. Ta ce yaran zamani ba ta ido, 'yar fari guda a kama sunanta gatsal a tsakiyar kasuwa, a kuma rungume ta, a gaban uwarki ma. Ta juyo ta ce wa Malama Larai ita da aka san gidansu da kunya ai sai ta yi wa 'yarta faɗa.

Bara'atu ba ta kalli mahaifiyarta ba. Ta kaɗe wa yarinyar ƙasa daga ƙafa, ta amsa a hankali cikin ladabi.

"Ya Fanna, in na ce 'ke', wa zai tsaya?"

Nan Malama Larai ta gane. Ashe Bara'atu ta ji abin da aka kira ta da shi a fili. Duk shekarun nan ta ji kalmar, ta san me aka hana ta, ta haɗiye ba ta taɓa tambaya ba.

Mota ta zo. Bara'atu ta sa mata ƙullin wake a ƙarƙashin kujera, ta ce Anti Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutan gida. Ta saɓa 'yarta a kafaɗa ta juya. Kwandasta ya buga ƙofa, direba ya ja. Malama Larai tana bakin taga tana kallon bayan 'yarta, kafaɗa ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Mota cike da mutane, maza da mata. Ta zuge gilashi, ta cika ƙirji kamar a bakin fili, ta saki muryar nan da Azare ta sani.

"Bara'atu!"

Ya fito sarai, ba gargada, har fasinjoji suka firgita. Bara'atu ta tsaya. Ta duba wajen masu kayan miya, ta duba ƙofar gidan maƙwabta, ta kalli Ya Fanna ko ita ce. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba, don haka ko kusa ba ta kalli motar ba. Da ba ta ga mai kiran ba sai ta gyara wa Jannatu zama a kafaɗa ta ci gaba da tafiya.

Kwandasta ya leƙo ya ce, Hajiya mantuwa kika yi, a tsaya? Motar ta wuce gidan mai ta hau hanyar Azare. Sannan Malama Larai ta ce masa a'a, su tafi, an riga an wuce wurin.